Kaset Ɗin Umma

"Ba zan cire shi daga jerin abin da za mu kalla ba," na ce wa Declan, shugaban ƙungiyarmu ta masu kallon fim a jami'a, nan Sydney.

"Haba Dasom, wa zai zauna kallon kukan tsofaffi? Kawo sabon abu mana."

Na kafe. Wasan talabijin ne na Koriya tun kafin a haife ni, kaset ɗin kuma na Umma ne. Farkon zuwanta ƙasar nan daga Koriya ta samo shi a shagon kayan miya na 'yan garinsu, shi ya ɗebe mata kewa shekara da shekaru. Sai da na matsa ta ba ni, na kuma gayyato ta.

Ranar kallon ta ci ado, ta zauna a sahun gaba. Ana farawa ɗalibai suka hau dariyar askin jarumin. Da aka zo wurin rabuwar masoyan, inda Umma ta saba mayarwa baya tana sake kallo, hoton ya dusashe, zaren kaset ɗin ya tsinke.

"Kaset ɗin ma ya gaji da kuka!" in ji wani daga baya.

Kunya ta rufe ni, amma na miƙe na faɗi sauran maganganun wasan da ka har ƙarshe, ana ta shewa. Umma ba ta ɗago kai ba.

A jirgin ƙasa ta ce, "Da kin bar min abuna a gida."

An cire ni daga ƙungiyar. Kaset ɗin bai gyaru ba, Umma kuma ba ta da wani.