Lambobin Iyayen Yara

Shekara goma sha tara Malama ta yi tana shugabantar firamaren bayan kasuwa, ba ta taɓa kiran uwa ko uba a waya don gaisuwa ba. In ta kira ka, to yaronka ya faɗo daga katanga, ko zazzaɓi ya rufe shi a aji, ko an tashi tun ɗazu ba wanda ya zo ɗaukarsa. Shi ya sa iyaye da yawa ba su ajiye lambarta da sunanta ba, "Makaranta" kawai suka rubuta.

Lambobin iyayen kuwa suna cikin wani littafi mai baƙin bango da ta saya da kanta, wanda ya sha hannu har gefensa ya yi laushi. Kusa da kowace lamba ta rubuta abin da ya kamata a sani da jan biro: wannan kakarsa ce ke riƙonsa, wannan ba ta ji da kunnen hagu, wannan a kira uwar, kada a kira uban.

Ranar Juma'a ta ajiye aiki, don mai neman kujerar majalisar jiha ba ya riƙe aikin gwamnati. Abin da ya kai ta siyasa ba wani dogon buri ba ne. Azuzuwa uku ke yoyo, ta rubuta wasiƙa goma sha ɗaya ba amsa, ta ce to bari ta je ta zauna inda ake ajiye wasiƙun. Ta damƙa wa mataimakiyarta, Malamar Lissafi, makullai da hatimi da rajista. Littafin ne kaɗai ya biyo ta gida a jaka. Ta ce mantuwa ce, mu ma mun karɓa a haka.

Ƙaninta Auta ne ya gano shi, yana laluben biro. Auta ya haura arba'in, furfura ta fara yi masa sallama, amma har gobe Auta ne, kuma shi ya naɗa kansa shugaban yaƙin neman zaɓen yayarsa ba tare da an roƙe shi ba. Ya zauna ya ƙirga lambobin, ɗari tara da 'yan kai, bakinsa har kunne. Abokin takararsu yana da motoci masu lasifika da hoto a kowane turken wutar lantarki, su kuwa hotuna ɗari biyu gare su da motar aro wadda sai an tura take tashi. Kwana uku ya tasa ta gaba, da safe, da rana, har a kan abinci.

"Yaya, mutanenki ne fa," in ji shi. "Ba sato littafin kika yi ba. Gaisawa kawai za ku yi, ki ce musu kin tsaya."

Ta san akwai abin da bai yi mata daɗi ba a maganar, amma ta kasa kama bakin abin, kuma gaskiya tana son kujerar nan, tana so ƙwarai. Ranar Talata da ƙarfe goma sha ɗaya na safe ta zauna a falo, ta ɗora littafin a cinya, ta ce za ta gwada mutum ɗaya. Auta ya fita karɓo hotuna yana murna.

Mai ɗinki ta zaɓa, wata mata mai shago a bakin titi, wadda 'yarta ke aji uku. Ta zaɓe ta ne don ba ta bari waya ta yi ƙara biyu. Dalilin hakan yana rubuce a gefen lambar da hannun Malama, kalma ɗaya ja: asma, ciwon da ke toshe wa yarinyar numfashi.

Ƙara ɗaya aka ɗauka.

"Malama? Tana numfashi?"

"A'a, tsaya ki ji..."

"Ga ni nan."

Aka kashe. Malama ta sake kira sau uku, ba a ɗauka ba, don mai gudu ba ya duba waya. Ta zura takalmi ta nufi makarantar, sai a hanya ta lura littafin yana hannunta, kamar yadda yake kasancewa duk ranar da wani abu ya sami yaro.

Maigadi ya miƙe ya gaishe ta kamar ba ta taɓa barin wurin ba. Ta tarar da mai ɗinki a ƙofar aji uku, tef a wuya, zare ya manne mata a zani, abin shaƙar yarinyar a dunƙule cikin hannunta. Yarinyar kuwa tana gaban allo lafiya ƙalau, alli a hannu, tana kallon uwarta cikin jin kunyar 'yan aji.

Malama ta ja matar zuwa baranda ta faɗa mata gaskiya, ba ta yi kwana-kwana ba. Ta so a ce matar ta yi faɗa, da abin ya zo mata da sauƙi. Amma mai ɗinki zama ta yi a kan matakala, ta mai da numfashi, sannan ta yi dariya. Ta ce ta baro wata tsaye a shago da hannuwa a buɗe, ana tsakiyar awo. Ta ce zancen ƙuri'a kuwa ai ko ba a kira ba, wa za ta ba in ba Malama ba? Sai ta saka abin shaƙar a aljihu, ta ƙara da cewa, cikin sakin fuska, ba da nufin komai ba:

"Amma kin taimake ni, Malama. Kullum na ga lambar nan sai gabana ya faɗi. Yanzu in na gani, zan ƙarasa ɗinkin da ke hannuna tukuna."

Nan Malama ta kama bakin abin da ya yi kwana uku yana damunta. Shekara uku ke nan matar nan tana tasowa da gudu, sau biyu gudun ne ya kai yarinyar asibiti a kan lokaci. Ta ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji a harabar nan ba.

"A'a, 'yar'uwa," ta ce. "In kin ga lambar nan, ki taso. Biyo ni ki gani."

A ofis ta ajiye littafin a gaban Malamar Lissafi. Ta cire ɗan kunnenta, ta zira tsinkensa a gefen wayar, ta fito da layin, ta ɗora a kan baƙin bangon. Ta ce layin na makaranta ne, ita ce ta daɗe tana riƙe da shi. Malamar Lissafi ta buɗe baki za ta yi gardama, ta dubi fuskarta, ta fasa.

Mai ɗinki ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo. "To, Malama," ta ce, ta gyara tef ɗinta ta tafi. Ko "to" ɗin yarda ce, ko ta girmamawa ce kawai, Malama ba ta sani ba, kuma ba ita za ta gani ba ranar da layin ya sake kira.

Ta sami Auta a ƙofar gida da damin hotuna, fuska a murtuke. Ya ce ya kira ta, wata mata ta ɗauka ta ce masa makaranta ce. Ta gaya masa abin da ya faru a taƙaice. Ya tambayi littafin, ta ce yana inda ya kamata. Ya ce gida ɗari tara a mako ukun da suka rage kafin zaɓe, da ƙafa? Ta ce ta san ƙofofin, ya je ya sauya wannan takalmin nasa mai tsini.

Ya yi ƙwafa, ya tambaya ta ina za su fara. Ta ce shagon mai ɗinki, amma sai an tashi daga makaranta, yarinyar ta koma gida, kada matar ta hango ta tafe daga nesa ta zaci wani abu ya sami yarinyar.