Bututu Na Uku

Lahdar Buzidi ya shekara ashirin da uku yana aiki a ɗakin tofido na jirgin yaƙi mai nutso. Tofido dogon bom ne mai injinsa da farfelarsa, in an harba shi daga bututu sai ya bi ƙarar jirgi har ya same shi. Bututu shida ne a goshin jirginsu, Lahdar ne shugaban masu kula da su.

Wata Talata da hantsi suna atisaye gabas da birnin Wahran, mita sittin a ƙarƙashin teku. Lahdar na dangwala burodin kesra a man zaitun, Mesa'ud, abokinsa tun suna kurata, yana yi masa tsiya wai tumbinsa ya kusa hana shi wucewa ta ƙofar jirgi. Sai suka ji gurnani daga bututu na uku. Injin tofidon da ke ciki ya tashi da kansa, babu wanda ya taɓa shi.

Lahdar ya ɗora tafin hannu a kan murfin bututun, ya ji ɗumi. Ya ce wa Mesa'ud ya cika bututun da ruwa, shi kuma ya ɗauki waya ya kira Kwamanda Farhat.

“Ranka ya daɗe, na uku ya tashi a ciki, kuma mai rai ne, ba na atisaye ba. A ba ni izini in fitar da shi.”

Da kwamandan ya amsa, muryarsa a ƙasa take. “Lahdar, mai sauraren na'urarmu ta jin sauti yana jin jiragen masunta a gabanmu, sun kai goma. In ka sake shi yanzu, su zai bi. Sai na juya mu arewa. Minti nawa za ka ba ni?”

Lahdar ya sake taɓa murfin. Ya san in zafin ya kai ga man injin, su hamsin da biyu da ke cikin jirgin babu mai sake ganin rana.

“Huɗu. Ban yi alkawarin na biyar ba.”

Jirgin ya karkata, kofuna suka zame daga tebur. Hayaƙi mai ɗaci ya fara tsattsafowa ta gefen murfin. Lahdar ya kori sauran ma'aikatan ɗakin, ya sa aka rufe ƙofar ƙarfe ta baya. Mesa'ud ya ƙi fita.

“Fita mana, kai mai 'ya'ya biyar.”

“In fita in bar ka da wa? Kai da ko igiyar takalminka ba ka iya sunkuyawa ka ɗaura?”

Aka danna maɓallin buɗe ƙofar bututun ta waje, ta tsaya a rabi. Dole a ƙarasa ta da hannu. Su biyu suka kama mariƙin ƙarfe suna murɗawa, gumi na shiga idanunsu. Fentin murfin ya fara kumbura yana ɓarewa. Lahdar na murɗawa da hagu, damansa na kan murfin, don ba shi da wani ma'auni da ya yarda da shi kamar fatarsa. Mesa'ud na karanta Ayatul Kursiyyu ƙasa-ƙasa, yana tsallake wasu wurare.

Ƙofar ta buɗe gaba ɗaya. Lahdar ya ɗaga waya. “Ranka ya daɗe, lokaci ya ƙare.”

“Saura kaɗan. Riƙe.”

Ya riƙe. Ya ƙirga numfashinsa har ashirin da bakwai kafin ya ji kwamandan ya ce, “Harba.”

Ya ja hannun harbin. Jirgin ya yi girgiza, gurnanin ya fice, ɗakin ya yi tsit. Suka tsaya suna kallon juna har wani dum ya iso daga nesa, ya kaɗa ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙafafunsu. Mai saurare ya sanar cewa injunan masunta duk suna aiki.

Mesa'ud ya zame ya zauna a ƙasa. Lahdar ya duba hannunsa na dama, ya ga fatar tafin ta saɓule.

Sati uku ya yi da bandeji. Masu bincike suka gano wata waya ce ta gogu a cikin tofidon, suka wanke shi da mutanensa. Matarsa Zuhra ta tambaye shi abin da ya sami hannun, ya ce tukunyar miyar shorba ce ta kife a kicin ɗin jirgi. Ta dube shi ta daɗe, sannan ta tashi ta ɗauko masa cokali, ta sa masa a hagu.