Ƙari Mai Cibiya

Tun ranar da likita ta ce ta ga ɗan ƙari a bangon tumbinsa, Mai Aski ya fara mutuwa, kuma mutuwar ta karɓe shi. Ita dai cewa ta yi ya dawo a sake dubawa da kyau. Shi kuwa "ƙari" kawai kunnensa ya ɗauka, sauran maganar ya bar mata a ofis. Kafin yamma ya rufe shago, ya miƙe a doguwar kujerar falo, ya ƙirƙiro wani nishi mai hawa biyu.

Abin da ya biyo baya ko a mafarki bai zata ba. Matarsa ta daina yi masa mitar sukari a shayi. Surukin da ke gaishe shi da ka ya koma durƙusawa. Uwa uba, babban ɗansa ya dawo gida. Direban babbar mota ne, kuma shekara da shekaru ba sa shan inuwa ɗaya da uban, tun da ya ce ba zai ƙare rayuwarsa yana share gashin mutane ba. Yanzu ga shi ya shimfiɗa katifa a ƙasa kusa da kujerar, yana matsa wa tsohon ƙafa da hannuwansa masu kaushi. Mai Aski na son yaron nan kamar ransa, bakin faɗa ne dai bai taɓa samu ba.

Ranar dubawa ta biyu ɗan ne ya kai shi, ciki ba komai tun jiya. Aka kwantar da shi a gefen hagu, aka fesa masa wani abu mai ɗaci a maƙogwaro, aka cusa masa zoben roba tsakanin haƙora. Mutumin da ya kwashe rayuwarsa yana surutu a kan kawunan da ba su da damar motsi, yau ga shi baki buɗe, ba ko uffan. Ya ga wani baƙin bututu mai fitila da kyamara a baki yana nufo shi, ya so ya ce ya fasa. Allurar barci ta riga shi.

Da ya farfaɗo, likitar ta juyo masa da allon na'urar. Wani kogo ne ja mai sheƙi, a gefe ga ɗan tudu da rami a tsakiya.

"Baba, ka ga wannan mai kama da cibiya? Ba ciwon daji ba ne."

"To mene ne?"

"Akwai wata tsoka a bayan tumbi, fankiriyas, ita ke kula da sukarin jiki, tana taya narkar da abinci. Tun kana cikin mahaifiyarka wani ɗan gutsurenta ya ɓata hanya, ya zauna nan. Bakin bututun yana da na'urar da ke gani har cikin bango, na duba ta ko'ina. Na tsakuro kaɗan a kai gwaji, amma hankalina kwance yake."

"Wato sai aiki?"

"Ba aiki, ba magani. Ka fi shekara sittin tare da shi, bai taɓa ce maka kanzil ba."

"Ƙwannafin da ya kawo ni asibiti fa?"

"Yaji ne da cin dare."

Mai Aski ya ƙura wa cibiyar ido da haushi. Ko ƙarin ma da aka ba shi na bogi ne. Ya waiga ƙofa, ya rage murya.

"Likita, 'yata, ba za ki ɗan bar maganar a lulluɓe ba? Ki ce ana kan bincike. Wata biyu kacal."

"Ciwonka sirrinka ne, Baba, ni ba zan faɗa wa kowa ba. Amma in aka tambaye ni a gabanka, ƙarya ba ta cikin aikina."

Ya fito yana jan ƙafa, ya shirya nishinsa tsaf. Ɗan ya taso daga benci ya riƙe shi, idonsa jawur.

"Baba, kar ka damu da komai. Ɗazu maigidana ya kira, ya ce ko in dawo gobe ko ya ba wani motar. Na ce ya bayar. Ina nan tare da kai har..."

Nishin tsohon ya maƙale. Mai Aski ya san tuƙin motar nan shi ne abincin jikokinsa, shi ne kuma abu ɗaya da yaron ya gina da hannunsa ba tare da ya roƙi kowa ba.

"Kai, sakarai," in ji shi. "Ba zan mutu ba. Wata tsoka ce marar tarbiyya ta zauna inda ba a aike ta ba. Maza kira mutumin."

Ɗan ya sulale ƙasa a tsakiyar baranda, ƙato da shi, ya kama gwiwoyin uban yana kuka yana dariya, har mai goge-goge ta kewaye su da bokitinta. Sannan ya miƙe, ya share fuska da hannun riga, ya matsa gefe da waya a kunne.

Mai Aski ya zauna a bencin. Baƙin cikin da ya ji ya fi na ranar da aka ambaci ƙari. Yana jin yaron yana ba da haƙuri, yana godiya, yana cewa, "Eh, ranka ya daɗe. Gobe da sassafe zan kama hanya."