Tallan Shagon Baba

Auta ta rubuta wa masu sabulu talla, ta rubuta wa masu sayar da gidaje, har wani kamfanin katifa ta taɓa sa mutane suka yi masa layi. Aikinta ke nan, mai sana'a ya zo da kayansa, ita ta tsara maganar da za a sa a shafinsa na intanet. Shi ya sa ranar da Yaya Babba ya ce ƙarshen wata za a rufe shagon Baba, ko gezau ba ta yi ba.

Baba mai gyaran keken ɗinki ne, shekara arba'in a shago ɗaya. Tsofaffin telolin da suka san shi sun ajiye sana'a, sababbin kuwa a waya suke neman mai gyara. Sai ya wuni a kan benci yana goge sukudireba. Yaya Babba ya ce wahalar ta isa, Baba ya koma gida ya huta. Amma Auta ta san ranar da aka raba shi da shagon nan an gama da shi.

"Ku ba ni mako uku," in ji ta. "In ban cika shagon nan da kekuna ba, ku canza mini suna."

Rubuta tallan minti goma ya ɗauke ta a ofis. Ai Babanta ne, me za a gaya mata? Da yamma ta zo tana taƙama, ta tsaya a tsakiyar shago ta karanta masa daga waya: "Ƙwararren injiniya na zamani. Gyara cikin rabin awa. Babu kamarsa a faɗin gari."

Baba ya sauke tabarau ya dube ta. "Madalla da wannan bawan Allah. Ina shagonsa yake, Auta? In je in koyi aiki."

Ta yi dariya ta ce haka ake talla, ta saka abinta a shafi.

Mako guda cur, mutum ɗaya tallan ya kawo. Wata mata ce da kekenta a bayan mota, tana duba agogo. Baba ya leƙa cikin keken ya ce ta dawo jibi. Matar ta kwashi kayanta, ta je ƙarƙashin tallan ta rubuta kalma biyu: "Ƙarya ce."

Abin ya yi wa Auta ciwo, ba don kanta ba. Baba bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba, ga shi ita ta sa an kira shi maƙaryaci. Kuma abin haushin, ita ce mai damun sababbin ma'aikata a ofis da doka ɗaya: kada ka rubuta ko harafi sai ka zauna da mai sana'ar ka tambaye shi yadda yake aikinsa. Mai katifa ma sai da ta ba shi awa biyu. Laifi tudu ne, ta taka nata tana hango na wasu.

Washegari ta goge tallan, ta zo da littafi da biro, ta jawo kujera.

"Baba, in aka kawo maka keke, me kake fara yi?"

"Yau kuma 'yar jarida aka zama?"

"Don Allah, Baba."

Ya ce, "Ba na taɓa shi. Mai shi nake sawa ya zauna ya yi ɗinki a gabana, ni in saurara. Keke yana faɗin ciwonsa, ƙafar mai shi ma tana faɗin nata."

"Me ya sa sai jibi?"

"Man da na zuba sai ya kwana yake shiga ƙarfe. In na gama kuma sai na ɗinka layi a ƙyalle na bar shi ƙarƙashin allura, mai keke ya gani da idonsa kafin ya ɗauka."

Auta ta dubi kwalin ƙyallaye da ke gefen benci. Tun tana ƙarama take ganinsa, ta ɗauka shara ce. Ta sunkuyar da kai tana rubutu, kunya da ƙaunar tsohon nan suka cika ta.

Sabon tallan ba shi da ado. Ta sa hoton ƙyalle a ƙarƙashin allura, ta rubuta: "Ba ya sauri, jibi za ka dawo. Zai sa ka yi ɗinki a gabansa ya saurari kekenka kafin ya taɓa shi. In ya gama, za ka tarar da layin ɗinki yana jiranka, ka duba da kanka."

Ba a yi layi ba, kar a yi ƙarya. Wani tela ya zo ranar farko, mata biyu suka biyo baya, ɗaya ta turo ƙawarta. Ranar da wata ya cika, Yaya Babba ya iso da kwaɗon rufe shago a hannu, ya tarar da kekuna bakwai a jere, har da ɗaya a kan kujerar baƙi. Ya rasa wurin zama, ya zura kwaɗon a aljihu yana borin kunya, wai dama wucewa ya zo yi.

Baba ya goge hannu da tsumma. "Auta, ba ki karanta mini wannan na biyun ba."

Ta karanta masa. Da ta kai ƙarshe ya cire tabarau ya daɗe yana goge su.

"To," ya ce, "wannan mutumin dai na san shi. Ashe ke ma kin san shi."