Cibiyar da Ba Ta Bushe Ba

…kuma har yau ba ta bushe ba. Biba na ɗaga tsumman da ta ɗaure cibiyar jaririn: ja, ɗanya, kamar yanzu ungozoma ta yanke. Ga shi yau suna. Ɗan wa ke kaiwa suna cibiya na tsattsafo?

A waje Gado wanzami na wasa aska. Aski, sai cire belu, sai tsagar gidan mijinta a kumatu. Mijin nata Maiwada kuwa gyaɗa ta yi masa bana, baki har kunne, rabin garin Maijirgi na ƙofar gida… wa zai ce masa a'a yau?

Sale. Ƙanenta Sale, ranar kaciya — bagaruwa, toka, rubutu, ba abin da ba a yi ba, ƙasar da ke tsakanin ƙafafunsa na ta shan jini. Sauran yara na cin kaji, shi ya yi fari fat. Sai ɗayan ƙanen, Ƙadri, haƙori kawai ya fita, haƙori! Kamiyo, babbar motar gyaɗa, ya kai shi asibitin Tasawa. Likita ya ce ba maita ba ce, jininsu ne ba ya daskarewa. Ta wajen uwa yake bi, maza yake kamawa. Kada ƙarfe ya taɓa su, in jinin ya ɓalle sai ƙarin jini, can Maraɗi. Ba su kai Maraɗi ba.

Ta wajen uwa… ita ke nan.

To ta faɗa wa wa? Ɗan fari ne. Sunansa ma ba za ta kama ba, kallonsa gaban mutane abin kunya ne, balle ta buɗe baki ta hana wanzami aikinsa. A ce ba ta da ta-ido? A ce mugun jini ta kawo musu gida? Tsoro take ji, tsoro ƙwarai.

Gwaggo Safi, ƙanwar uban Maiwada, na ɗaga labule.

“Miƙo mani shi, ɗiyata, Gado na jira.”

Innarta fa? Ga ta nan gindin gado, ita da ta ji likita da kunnenta, ita da ta binne biyu. Ta ga tsumman sarai. Kanta a ƙasa — gidan surukai ne, ba za ta tanka ba. Ashe ba mai tankawa.

Hannun Gwaggo a miƙe. Biba na kallon nata hannuwan, sun riga sun fara ɗagawa da kansu, haka aka koya musu. Bakin ne ya rage, shi kuma ya bushe ƙamas…