Katin da Ɗalhatu Ya Ara wa Oumarou

Ɗalhatu akanta ne a wani kamfanin jigilar kaya a unguwar Deira, can ƙasar Larabawa, kuma a cikin Hausawan da ke kai da kawo a layin 'yan kasuwa na Al Buteen a shekarar 2007, kusan shi kaɗai ke da katin banki irin wanda ake sayayya da shi a intanet. Sauran 'yan kasuwa ne, mutanen kuɗi hannu, ba su yarda da abin da ba za su cusa a aljihu ba. Sai aka wayi gari abin ya zama al'ada: mai son tikitin jirgi ko ɗakin otal ya zo ofishin Ɗalhatu bayan la'asar, ya ajiye masa dirhami a kan tebur, shi kuma ya shigar da lambar katinsa. Ba ya karɓar ko sisi a kai. Yana dai son a ce shi mutumin kirki ne, kuma ana cewa.

Oumarou ɗan Damagaram ne, yana tura kayan gyaran mota ta Kwatano. Sun daɗe tare da Ɗalhatu, tun suna gwauraye suna cin shinkafar Pakistanawa a faranti ɗaya. Wata rana ya zo ofis ya yi ta kame-kame har kowa ya watse, sannan ya jawo kujera ya buɗe wani shafin neman aure. Kallon hotuna kyauta ne, amma in kana son tura wa mace saƙo sai ka biya na shekara.

"Ba an kai maka gaisuwa gidan su Safi ba?" in ji Ɗalhatu.

"An kai, mon frère, ɗan'uwana. Wannan zagayen kasuwa ne kawai, ba saye zan yi ba."

Ɗalhatu ya yi dariya ya shigar da lambar da hannunsa. A ƙasan shafin akwai wani ɗan rubutu mai kama da kashin ƙuda, wanda ke cewa kamfanin zai ci gaba da cirar kuɗi duk shekara sai in an hana shi. Akanta guda, mutumin da ke kama kuskuren direbobi a rasit ɗin mai, bai karanta ba. Oumarou kuwa ko wata bai rufa ba ya gaji da zagayen kasuwar, ya manta lambar sirrin shiga, ya je gida aka ɗaura masa aure ya kawo Safi gidansa na unguwar Hor Al Anz. Matar Ɗalhatu, Muhsinat, ita ta karɓi amaryar kamar ƙanwarta, ta nuna mata inda ake samun daddawa da kuka.

Da shekara ta zagayo, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Muhsinat ta ari wayar mijinta don ta kira mahaifiyarta a Kano, tata ba kuɗi a ciki. Tana riƙe da ita saƙon banki ya shigo. Sunan kamfanin da ya ciri kuɗin ba ya buƙatar tafinta, kowa ya gani ya san abin da ake nema a wurin.

Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi ya fi sauƙi. Ta ajiye masa wayar kusa da faranti ta ce, "An sabunta maka, Abban Umma. Allah ya sa a dace."

Ya rantse ya maya. Ya ba ta labarin tun daga farko, har da kujerar da Oumarou ya jawo. Ta saurare shi tana taje wa 'yarsu Umma kai, sannan ta ce, "Ai kullum na aboki ne. In nasa ne, ya zo nan ya faɗa da bakinsa."

Daga ranar gidan nasu na unguwar International City ya zama kamar ɗakin jiran asibiti. Ana gaisawa, ana ajiye abinci, ba wanda ke kallon wani. Ɗalhatu yana son matarsa, kuma abin da ya fi ci masa rai shi ne bai yi komai ba. Da ya yi, ai da ya san ta inda zai fara ba da haƙuri.

A kan kamfanin ya fara sauke fushinsa. Ya kira lambarsu, suka bar shi da kiɗa a kunne har katin wayarsa ya kusa ƙarewa, sannan wata mai zaƙin murya daga can wata uwa duniya ta ce ta fahimci damuwarsa ƙwarai. Sai dai mai rajista ne kaɗai zai iya sokewa, da lambar sirrinsa. Kuɗi kuwa ba a mayarwa, tun da an amince da sharuɗɗa. Ya ce mata shi zai nuna musu cewa sun taɓo wanda ba a taɓawa. Ta yi masa fatan yini lafiya.

Washegari ya samu Oumarou a shagonsa na Al Buteen, tsakanin kwalayen birki. Kafin ya gama magana Oumarou ya kai hannu aljihu.

"Mayar da kuɗinka," in ji Ɗalhatu. "Ba su na zo nema ba. Ka zo gida ka gaya wa Maman Umma cewa kai ka yi rajistar nan. Shi ke nan, khalas."

Oumarou ya leƙa ƙofa, ya rage murya. "Ɗalhatu, ce n'est pas possible, ba zai yiwu ba. Abin da madam ta ji da safe, Safi ta ji shi kafin azahar. Kuma za ta lissafa, ta gane bayan gaisuwa ne. Yarinyar nan ciki gare ta, ba uwa kusa, ba kowa."

"Ni kuma nawa auren fa?"

"Naku ya yi ƙwari, habibi. Mata suna hucewa. Ka saya mata sarƙa a kasuwar zinariya, ni zan biya."

"In na kira ka a gabanta fa?"

Oumarou ya sunkuyar da kai yana goge wani ƙarfe da ba ya buƙatar guga. "Zan ce ban san zancen ba. Ka yafe mini."

A nan ne fushin ya sauya gida. Kamfanin can ba shi da fuska, ba ka san wanda za ka tsana ba. Wannan kuwa ga shi nan da gemunsa, mutumin da ya ci tuwon Muhsinat ya fi a ƙirga. Ɗalhatu ya fita bai yi sallama ba, yana tafe yana cin alwashin sai Oumarou ya ɗanɗana abin da yake ɗanɗana. Kwanaki suka yi ta wucewa yana juya maganar a ransa, a bas, a ofis, har a sahun salla. Ranar da ya ji Muhsinat tana tambayar maƙwabciyarsu ko da wane jirgi ake zuwa Kano da ƙaramin yaro ba wahala, ya san jira ya ƙare.

Da safe ya nemi izini a wurin aiki ya tafi banki. Ma'aikacin da ya same shi wani Basudane ne mai furfura, mai magana a hankali. Ya duba kwamfuta ya ce irin wannan ƙorafin ya yi yawa a bana.

"Kana da hakki," in ji shi. "In kamfani ya sabunta ba tare da ya sanar da kai ba, ka shigar da ƙorafi a nan. Za mu hana su sake cira, mu nemi a mayar maka da na bana. Yakan ɗauki lokaci, amma ana samu. Abin da za ka rubuta kawai shi ne kai ka biya na farko da kanka, ba ka kuma amince da na biyu ba."

"In rubuta cewa ni na biya?"

"Ai katinka ne. Sai fa in wani ne ya yi amfani da shi ba da saninka ba. Wannan wata hanya ce daban, sai ka kawo rahoton 'yan sanda, ka faɗi wanda kake zargi." Ya cire tabarau ya dube shi. "Ya akhi, wannan ba a taɓa ta sai in haka ɗin aka yi. A garin nan ba a ɗaukar ta da wasa."

Hanya ta farko gaskiya ce, kuma za ta dawo masa da kuɗi, amma ita ce takardar da in Muhsinat ta gani za ta ce ga shi ya amsa laifinsa da alƙalaminsa. Ta biyu za ta wanke shi tas, da hatimin hukuma, ta kuma sa Oumarou ya san ɗacin a kira mutum da sunan da ba nasa ba. Ya gaya wa kansa cewa ai ba wani abu za a yi masa ba, tsoro ne kawai zai ji. Ya san ba haka ba ne. Ya san ana riƙe fasfon mutum, ya san biza na iya lalacewa, kuma gaskiyar magana saninsa ɗin ne ya sa abin ya yi masa daɗi.

A ofishin 'yan sanda ƙaryar ta zo masa da sauƙin da ya ba shi mamaki. Ya ce Oumarou yakan shigo ofishinsa, walat ɗinsa kuma yakan kasance a kan tebur. Ya ba da lambar waya, ya kwatanta shago, ya sa hannu. Aka ba shi kwafi da Larabci. Ya fito cikin rana mai ƙuna yana jin kansa sakayau. Har ya bi ta Al Buteen don ya ga fuskar mutumin nan kafin labari ya iske shi, sai ya tarar da shagon a kulle. Bai damu ba, ya shiga bas ya nufi gida, takardar na kan cinyarsa, yana ta tsara yadda zai miƙa ta.

Tun daga matakala ya ji ƙamshin miyar taushe. Muhsinat ta buɗe ƙofa da kanta, ta yi kwalliya, idanunta sun ɗan kumbura amma fuskarta a sake. Mutum mai hankali da ya tsaya ya tambayi dalili.

"Sannu da zuwa, Abban Umma. Zauna, akwai maganar da..."

"Bar maganarki tukuna," ya ce, ya miƙa mata takardar. "Kin ce sai kin ga shaida. Karanta."

Larabcinta na Islamiyya ne, don haka a hankali ta bi layukan da yatsa, leɓɓanta na motsi. Ya tsaya a kanta yana jira ta ɗago da kunya. Ta kai ƙarshe, ta koma sama ta sake farawa.

"Wannan sa hannun naka ne?"

"Nawa ne."

"An rubuta ya ɗauki katinka ba da saninka ba."

Ga ƙofar faɗin gaskiya a buɗe a gabansa, amma ya riga ya yi nisa. Ya ce, "Haka aka yi. Na rufa masa asiri ne da farko, shi ya sa na gaya miki wancan."

Muhsinat ta zauna a hannun kujera. Muryarta ba ta tashi ba. Ta ce Oumarou da Safi sun zo da hantsi, ba su daɗe da tafiya ba. Tun ranar da Ɗalhatu ya je shagonsa, Oumarou ya kasa cin abincin kirki, jiya ya zaunar da matarsa ya gaya mata komai. Safi ta yi kukanta ta share hawaye, ta ce ba za a kashe auren Yaya Muhsinat saboda ita ba, ta taso shi a gaba har nan. A kan wannan dardumar ya durƙusa. Ya faɗi yadda ya roƙa, da yadda Ɗalhatu ya tuna masa da Safi, da yadda ya shigar masa da lambar don zumunci kawai.

"Na yi ta kuka ina cewa na zalunci bawan Allah," in ji ta. "Na shiga kicin ina ta shirya yadda zan roƙe ka gafara."

Sai wayarta ta yi ƙara a kan tebur, sunan Safi ya fito. Ta ɗauka. Daga inda yake tsaye yana jin kukan, yana jin tana maimaita 'yan sanda da fasfon Oumarou.

"Gani nan zuwa," in ji Muhsinat. "Ki zauna, kada ki fita ke kaɗai da cikin nan."

Ta zura hijabi, ta saɓi Umma da ke barci, ta ɗauki jakarta. Ya bi ta har bakin ƙofa yana cewa zai koma ya janye, yanzu-yanzu zai koma, ai bai san sun zo ba.

"Ka je ka janye, wannan tsakaninka da su ne." Ta gyara wa yarinyar kwanciya a kafaɗa, sannan ta dube shi. "Yau da safe na tabbatar mijina ba ya ƙarya. Da ka bar mini wannan ko na yini ɗaya ne."

Ta sauka matakala a hankali don kada Umma ta farka.