Ragon Muhibbat Ɗan Sabo

Duk unguwar Sabo, zangon 'yan Arewa a can Kudu, an san ragunan Muhibbat. A bayan ɗakinta take kiwonsu, ba harawa ba dusa, sai ɓawon wake da na ayaba da take karɓowa kowace safiya wajen Iya Bose, mai sayar da alale a unguwar Mokola. Iya Bose ta huta da zubar da shara, raguna sun yi ɓul-ɓul, masu neman ragon layya kuwa tun azumi suke leƙen katangarta.

Bana yayanta Iliyasu, dillalin dabbobi a kasuwar Bodija, ya zo ya ga babban farin ragon, ya ɗaure fuska.

"Haba ƙanwata, dabba irin wannan kike ba shara? Kawo shi in ba shi harawar Kano, ya ci abincin gida kafin Sallah."

Muhibbat ta kwance igiya ta miƙa masa.

Kwana uku sai ga Iliyasu a ƙofar gida, ya jiƙe sharkaf da gumi, yana jan rago. Wai ya ƙi harawa, ya ƙi dusa, har kwanon ya kifar. Muhibbat ta turo daron ɓawon wake. Rago ya cusa kai har kunne.

Dariya ta ci ƙarfinta har ta zauna a kan turmi.

"Yaya, ɗan Sabo ne, kamar ni da kai. Kai ɗin yaushe rabonka da kwana biyu ba ka ci amala ba?"